Carbi Na Gudu, Zuciya Na Kasuwa

Ɗana, tunda ka karɓi ɗariƙa, zo in ja maka kunne. Leƙa masallatanmu bayan la'asar, daga Birnin Kudu har Gwaram, za ka ga mai jan lazimi, istigfari ɗari, salatin Annabi ɗari, hailala ɗari, carbi na gudu a dama, waya na haske a hagu. Adadi ya cika, zuciya kuwa tana kasuwa. Imamu Gazali, da ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u kan halartar zuciya cikin salla saboda wannan ciwon.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Mabiya Buddha, kowa dai da addininsa, sun kasa horon zuciya gida biyu: samata, wato tara hankali wuri guda, da wifassana, wato zuba wa jiki da tunani ido har mutum ya gane kome mai wucewa ne. Malaminsu Buddhagosa, a Siri Lanka cikin ƙarni na 5, ya lissafa abubuwa 40 da ake ɗaure hankali a kansu. A cibiyoyin wani malaminsu, Goenka na Indiya, kuwa, zaman kwana goma ake yi, ba hira, ba waya. Kwana uku na farko ba abin da ɗalibi zai yi sai lura da numfashi a bakin hanci. Sai rana ta huɗu a buɗe masa ƙofar wifassana.

Malamansu sun yi saɓani kan zurfin natsuwar da ake bukata. Mahasi Sayado na ƙasar Bama, da ya rasu a 1982, ya ce ta ɗan lokaci ma ta wadatar, muddin ba ta yankewa. Waɗansu suka ce sai an nutse sosai. Amma suna gargaɗin cewa daɗin natsuwa kan riƙe mutum ya zauna nan, kamar manomin da ya wuni yana wasa lauje, shinkafa na zuba a fadama. Nan na fi jin tsoro gare ka, don na san ka da son yabo.

Ba sai ka hau Dutsen Habude ka kaɗaita ba. Gobe da asuba bar wayar a ɗaki, ka sassauta jan carbin. In hankali ya gudu, dawo da shi ba faɗa. In ya kwanta, sai wanda ka ci bashinsa ko ka ɓata wa rai ya faɗo maka, kada ka ce waswasi ne. Idar da wuridinka, ka karya kumallo, ka je ka same shi.