Yadda Za Ka Buga Gem Ɗin Haɗa Robot Na Japan A Wayarka Ba Tare Da Ka Iya Japananci Ba

Yawancinmu idan aka ce PPSSPP, ƙwallo kawai muka sani. Ko a nan Bacirawa, ka je wurin mai caji da yamma, kusan duk wayar da ka leƙa PES ake bugawa. Amma wannan manhaja, wadda Henrik Rydgård ya fitar a 2012, tana buɗe mafi yawan wasannin na'urar PSP ta Sony, kuma da dama daga masu daɗin ba su taɓa fita daga Japan ba.

Wanda zan yi darasin a kansa shi ne Danball Senki, na kamfanin Level-5, wanda ya fito a PSP a watan Yunin 2011. Danbōru da Japananci kwali ke nan. Labarin yana faruwa a shekarar 2050, yara suna harhaɗa ƙananan robot da ake kira LBX, suna gwabza su a cikin akwatin kwali mai ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara bayan an yanke dawa zai gane daɗin abin: kai ke zaɓar kai, da ƙirji, da hannun dama, da na hagu, da ƙafafu, da makami, sannan ka jera batir da mota da CPU a cikin ɗan akwatin cikinsa, wuri ba ya isa sai ka yi dabara. Matsalar ɗaya ce. Fassarar Turanci sai a 2015 ta fito, kuma a Nintendo 3DS. Na PSP Japananci ne zalla, kuma sauya harshe a saitin PPSSPP ba zai taɓa rubutun cikin gem ɗin ba. Kada ka ɓata lokacinka a nan.

Abu na farko: maɓalli. A wasannin Japan na PSP, da'ira O ita ce "na yarda", X kuma "koma baya". Akasin abin da hannunka ya saba ke nan. Kwana biyu za ka yi kana fita daga inda kake son shiga, daga nan hannun ya daidaita.

Yanzu ga babban sirrin. Jafanawa suna da rubutu iri uku: kanji, hiragana da katakana. Kanji su ne masu cunkoson zane, dubbai ne, ƙyale su. Katakana kuwa haruffa 46 ne masu kusurwa, kuma da su ake rubuta kalmomin aro. Kusan duk menu na gem kalmomin aro ne daga Turanci. Wato Turanci ne aka rubuta da wasu baƙaƙe, kamar yadda malam zai rubuta maka Hausa da ajami. Wanda bai iya baƙaƙen ba zai rantse Larabci ne.

Kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Yadda muke cusa wasali tsakanin baƙaƙe mu ce burodi, sukudireba, tebur, haka su ma suke yi. Tebur a wurinsu tēburu ne. Idan ka karanta da ƙarfi, kunnenka zai kama. Gwada waɗannan:

セーブ sēbu, adana wasa
ロード rōdo, ɗauko wanda ka adana
パーツ pātsu, sassan jiki
ヘッド heddo, kai
ボディ bodi, gangar jiki
アーム āmu, hannu
レッグ reggu, ƙafa
アイテム aitemu, kayan amfani
バトル batoru, faɗa

Lura da reggu da batoru. Ba su da harafin L, da R suke maye gurbinsa. Dogon layin nan ー jan wasali yake yi. Ƙaramin ッ yana ninka baƙin da ke gabansa, kamar shadda. 'Yan ɗigo biyu a saman harafi suna sauya sautinsa, カ ka ya koma ガ ga. Waɗanda za su ba ka wahala huɗu ne, don kamar tagwaye suke: シ shi da ツ tsu, sai ソ so da ン n. Ni a bayan tsohon littafina na lissafi na rubuta su duka, biyar-biyar kullum bayan sallar isha'i. Kafin sati biyu na daina duba takardar.

Akwai wasu 'yan kalmomi da ba na katakana ba waɗanda dole ka haddace kamanninsu kamar fuskar mutum. はい e, いいえ a'a. 右 dama, 左 hagu. 攻撃 hari, 防御 kariya. Sai biyun da suka taɓa kayar da ni: 買う saya, 売る sayarwa. Wata rana na shiga shago cikin gem ɗin zan sayi makami, ina sauri don cajina ya kusa ƙarewa, na danna na biyun. Na sayar da ƙafafun da na yi kusan sati ina nema, na kuma danna sēbu a kai. Da na fita faɗa na ga robot ɗina yana jan jiki, sannan na gane abin da na yi. Tun daga ranar ba na shiga shago sai na yi Save State. Yana cikin menu na PPSSPP, gurabe biyar ne, ka riƙa juya su. Sai dai kar ka dogara da shi kaɗai, ka riƙa adanawa a cikin gem ɗin ma, domin wani lokaci idan ka sabunta manhajar tsohon Save State yakan ƙi buɗewa.

To labarin fa, da maganganun mutane? Nan ne kyamara ke shigowa. Ɗauki hoton allo, ka tura shi Google Lens ko Google Translate. Idan kana da waya ta biyu, ko ta ƙaninka, haska kyamararta a kan allon ya fi sauri. Mu da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, gara ka sauke fakitin Japananci a Google Translate ranar da ka shiga gari ka samu intanet mai ƙarfi, don ya yi aiki ba data.

Amma fa ka san iyakarsa. Allon PSP 480 ne a 272, rubutun ƙanana ne, kyamara takan karanta wani kanji a matsayin wani. Kuma Jafanawa sukan bar "ni" da "kai" a magana, sai manhajar ta yi canke, ta ce kai za ka je alhali abokinka ake nufi. A gwajina, fassara zuwa Turanci ta fi fita daidai a kan zuwa Hausa kai tsaye. Shawarata, kada ka fassara kowane layi, gajiya za ka yi ka goge gem ɗin. Fassara inda ka maƙale kawai, ka nemi sunan wuri ko na mutum. Wajen zaɓen sassa kuwa, lambobi irin namu ne. Ɗora sabon hannu, ka ga wace lamba ta hau, wacce ta sauka, ka kuma duba nauyi, don robot mai nauyi ba ya gudu.

Gargaɗi ɗaya game da samo gem ɗin. Hanya mai tsafta ita ce kwafe shi daga faifan UMD naka. Shafukan da ke cewa ka sauke wani APK kafin su ba ka fayil, ka guje su. Gem ɗin PSP da ISO ko CSO yake ƙarewa, ita kuma PPSSPP kyauta take a Play Store.

A darasi na gaba in sha Allahu za mu shiga akwatin cikin robot ɗin, mu ga yadda ake jera batir da mota ba tare da an bar gurbi a banza ba.