Hitocin gidana sun daina ɗaukar zafi da dare

Malam, ni ɗaliba ce a Bradford, Ingila, ina zaune da 'ya'yana a gidan haya da ba shi da gas, komai na lantarki ne, bisa tsarin Economy 7. Tun shigowar sanyi hitoci uku da ke jikin bango suka daina ɗumi, ruwan wanka ma sai na danna maɓallin gaggawa yake zafi, ga kuɗin wuta ya haura. Fitilu da firji lafiya lau. Wani ɗan'uwa ya gwada layin hitocin da rana, ya ce babu wuta, wai in sayi sababbi. Ina mafita?

Malama, kada ki sayi komai tukuna. Gwajin ɗan'uwanki bai nuna komai ba, domin dama layin nan a mace yake da rana. Tsarin Economy 7, wanda aka fara a 1978, yana ba da wuta mai rahusa ta sa'o'i 7, galibi daga tsakar dare zuwa safiya. A lokacin ne hitocin ke gasa tubalan da ke cikinsu, su yini suna sakin ɗumin. Tankin ruwa irin naki kuwa ƙarfen zafafawa biyu gare shi: na ƙasa yana kan layin dare, na sama shi ne kike dannawa, da farashin rana. Can kuɗinki ke zurarewa.

Da wuya hitoci uku da tanki su mutu rana ɗaya. Matsalar tana wurin da suka haɗu. Ki duba kusa da mita, sau da yawa layin dare yana da ƙaramin akwatin makunnai nasa daban. In wani ya faɗi, ki ɗaga shi sau ɗaya. In ya sake faɗuwa, ki bar shi.

In duk suna sama, zargina ya koma kan mita. Tana nuna lamba biyu, ta rana da ta dare. Ki rubuta su kafin ki kwanta, ki sake dubawa bayan sallar asuba. In ta dare ba ta motsa ba, abin da ke kunna layin ne ya tsaya. Tsofaffin mitoci da yawa daga siginar rediyo ta doguwar zango suke karɓar umarnin kunnawa, kuma tun 30 ga Yuni 2025 aka fara kashe ta sannu a hankali. In irinsu ce taki, kamfanin da kike biya ne zai sauya ta. Kada kowa ya taɓa hatiminta.

Wayoyi da hitoci kuwa, dokar haya ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaransu, ki sanar da shi a rubuce. Ki kuma ja kunnen ɗan'uwan nan kada ya buɗe komai: layin da ya gani a mace kan iya kawo wuta ba sallama, in agogon mitar ya rikice.