Tura Ɗalibai Neman Ƙwarewa a Ƙungiyoyin Sa-kai

1.0 Gabatarwa

Ilimin da ɗalibi ya samu a aji ba ya kammaluwa sai ya gwada shi a cikin jama'a, domin gani ya kori ji. Wannan darasi zai duba yadda ake tura ɗaliban Hausa aikin neman ƙwarewa a ƙungiyoyin sa-kai, tare da kawo misali daga garin Rimaye na Ƙaramar Hukumar Kankiya da maƙwabciyarta Kusada a Jihar Katsina.

2.0 Asali da Ma'ana

A Nijeriya an kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, a shekarar 1971. Shi ne ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, saboda ƙorafin da masu ɗaukar ma'aikata suka yi cewa ɗalibai suna kammala karatu ba tare da sanin makamar aiki ba. Shirin ya fi shafar ɗaliban kimiyya da fasaha da sana'o'i. Ɗalibin Hausa a kwalejin ilimi kuwa, gwajin koyarwa ne babbar hanyarsa ta fita fagen aiki, bisa ƙa'idojin Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa da aka kafa a 1989. Sai dai aikin harshe bai tsaya a aji ba.

Ƙungiyar sa-kai ita ce wadda aka kafa don hidimar jama'a, ba don raba riba ga mambobi ba. Misalansu sun haɗa da Jama'atu Nasril Islam (1962) da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN (1985) da ƙungiyoyin ci gaban gari. Irin waɗannan ƙungiyoyi suna samun rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020.

3.0 Ayyukan Ɗalibin Hausa

Ɗalibin da aka tura wata ƙungiya a Rimaye zai iya yin ayyuka uku. Na farko shi ne fassara saƙonnin lafiya da na noma. Na biyu shi ne koyarwa a azuzuwan yaƙi da jahilci, aikin da ya yi tashe a Arewa tun zamanin Hukumar NORLA ta Zariya (1953 zuwa 1959). Na uku shi ne rubuta rahoton taro da wasiƙu bisa ƙa'idojin rubutun Hausa.

A nan ne ɗalibi zai fahimci bambancin karin harshe a aikace. A yawancin ƙasar Katsina ana jin "zamna" da "amre" da "tahi" a inda Daidaitacciyar Hausa take da "zauna" da "aure" da "tafi". Don haka ya kamata ya rubuta takarda da daidaitaccen kari, amma idan ya tsaya gaban jama'a ya mutunta karin da suka tashi da shi.

4.0 Matakan Gudanarwa

(a) Tantancewa: Sashe ya tabbatar ƙungiyar tana da rajista da mazauni da aikin da ya dace da karatun ɗalibi, kuma an yi la'akari da tsaron yankin.

(b) Yarjejeniya: A rubuta tsawon lokacin aiki da nauyin kowane ɓangare, da wanda zai biya kuɗin mota da na abinci.

(c) Gabatar da ɗalibi: A kai shi ya gaida hakimi ko dagaci da limamai. A inda mata suke cikin kulle, ɗaliba ce za ta shiga gidaje.

(d) Sa ido: A naɗa masu dubawa biyu, ɗaya daga kwaleji, ɗaya daga ƙungiya. Ɗalibi ya riƙa cika littafin ayyuka kullum.

(e) Auna ƙwazo: A ba da maki bisa littafin ayyuka da rahoton ƙarshe da shaidar ƙungiya.

5.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce mayar da ɗalibi ɗan aike, ya ƙare wa'adinsa yana ɗauko kujeru bai koyi komai ba. Kishiyar wannan kuma ita ce a ɗora masa aikin ƙwararre ba tare da mai dubawa ba. Idan ya fassara umarnin shan magani "sau uku a rana" ya koma "kwana uku", ran yaro ne yake cikin haɗari. Saboda haka duk fassarar da ta shafi lafiya sai ma'aikacin lafiya ya duba ta kafin a raba. Haka kuma wajibi ne ɗalibi ya riƙe sirrin marayu da majinyata, kada ya ɗauki hotonsu ya watsa a WhatsApp ko Facebook ba da izini ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa nasarar wannan aiki ta dogara ne ga shiri na gari da rubutacciyar yarjejeniya da sa ido. Idan aka kiyaye waɗannan, ƙungiya za ta amfana, ɗalibi kuma ya dawo da ƙwarewar da allo da alli kaɗai ba za su ba shi ba.

Jinga

1. Bambanta gwajin koyarwa da aikin neman ƙwarewa a ƙungiyar sa-kai.
2. Kawo kalmomi biyar na Katsinanci tare da takwarorinsu a Daidaitacciyar Hausa.
3. Tsara yarjejeniya mai shafi ɗaya tsakanin Sashen Hausa da wata ƙungiyar ci gaban gari.