Idan Kaka Ta Rasu, Kada Labarinta Ya Bi Ta

A cikin birnin Zariya, da an tashi addu'ar uku sai zaure ya yi fayau, kowa ya kama gabansa. Wannan ne lokacin aikin jikoki.

Ku fara da bashi. Tsofaffinmu ba sa rubutu, amma akwai zubin adashe, akwai ajiyar maƙwabta a ƙarƙashin gado. Ku tambayi ƙawayen marigayiyar, a sauke mata nauyi kafin a taɓa gado.

Sannan labari. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a Giwa da nan Zariya tana rubuta tarihinta. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi. Taku kakar fa? Wayar hannu ta isa ku ɗauki labarinta. Ku je wa ƙanwarta ko kishiyarta, ku gaisa, ku bar tsohuwa ta yi ta zuba. Daga wace unguwa aka ɗauko kakarku, Kwarbai ko Ƙofar Gayan? Wa ya yaye ta? Yaya take haɗa daddawarta? Kada ku katse tsohuwar ko da ta yi kwana, a kwanar ake samun abin.

Tasoshin marigayiyar da tsohon Alƙur'aninta, idan magada sun yarda, a bar ɗaya a gidan. Kada dillaliya ta kwashe.

Ƙawayenta kuwa a riƙa kai musu goron sallah. Allah Ya jiƙan kakanninmu, Ya sa Aljanna makoma.