DARASI: TOSHE TALLAN CACA DA BATSA A WAYA

Wani bawan Allah a nan Daura ya miƙa wa ɗansa waya ya saurari karatu, kwatsam sai ga tallan caca da hoton tsiraici. Runtse idon da aka umarce mu a Suratun Nur, aya ta 30, har allon waya ya shafa.

Idan wayarka Android 9 ce zuwa sama, shiga saitin intanet, nemi Private DNS, rubuta family.adguard-dns.com. Kyauta ne, yana tare talla da shafukan batsa. Amma fa ba ya tare tallan cikin YouTube da Facebook, can sai sa ido. Manhajar toshe talla da ta nemi lambobinka ko saƙonninka kuwa, guje ta.

Allah Ya shirya mana zuri'a.