Mu Koyi Turanci: "Pass out" da "Pass away"

Darasinmu na yau kan kalmomi biyu ne masu kama da juna, amma ma'anarsu ta sha bamban.

"Pass out" na nufin suma. In likita ya ce, "Your son passed out," yaro ya suma ne, yana nan da ransa. "Pass away" kuwa rasuwa ce: "Her husband passed away," wato mijinta ya rasu.

Kin ga ke nan, kalmar ƙarshe ita ke sauya zance. Don haka uwargida, a asibiti ki kasa kunne sosai kafin ki fashe da kuka. In ba ki gane ba, ki tambaya, matambayi ba ya ɓata. Allah Ya ƙara mana sani, amin.