Harshen Shari'a A Ƙarar Jinginar Gida

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin kalmomi uku da kan rikita magidancin da banki ya kai ƙara Babbar Kotu ta Titin Bida, Kaduna, alhali ba shi da lauya.

Ta farko, "jingina". A al'adar Bahaushe, gonar jingina tana jiran mai ita kome daɗewa. A kotu kuwa, da wa'adi ya cika, banki na iya neman sayar da gidan.

Ta biyu, "musu". Wajibi ne wanda ake ƙara ya bi da'awar banki ɗaya bayan ɗaya, a rubuce. Duk wadda bai musa ba, ana ɗauka ya amsa, domin shiru ma magana ce.

Ta uku, "amincewar Gwamna", wadda sashe na 22 na Dokar Filaye ta 1978 ya wajabta. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka ƙulla babu ita. Sai dai daga baya kotuna sun hana mai gida fakewa da sakacinsa, tun da shi doka ta ɗora wa nemanta.

Ke nan, kuskuren fahimtar kalma ɗaya na iya raba iyali da muhallinsu.